Na Iya Rashanci, Ina So In Zama Malamin Jami'a Mai Nazarin Harsunan Silabawa: Ta Ina Zan Kama?

"Assalamu alaikum Malam. Na yi digirin farko da na biyu a fannin Rashanci a wata jami'a a Rasha, kuma ɓangaren koyar da shi ga baƙi na karanta. Nahawu da tarihin harshe su suka fi jan hankalina. Ina so in yi digiri na uku, in zama malamin jami'a mai bincike a kan harsunan Silabawa. Rashancin da na iya ya isa? Wace ƙasa ta fi dacewa? Kuma in na gama, akwai aiki kuwa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambaya uku ka jero, amma duk a kan abu ɗaya suke: yadda za ka kashe shekaru goman da ke tsakanin ranar da za ka nemi gurbin digiri na uku da ranar da za ka samu aikin da ba na wucin gadi ba, in Allah ya nufa. Ta farko ce ginshiƙi, don haka da ita zan fara. Rashanci kaɗai bai isa ba. Babban jari ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda za ku yi takara da su ba su kai ka jin sa ba, amma da sauran rina a kaba.

Me ya sa harshe ɗaya bai isa ba

Harsunan Silabawa dangi ne guda mai rassa uku. Reshen gabas ya ƙunshi Rashanci da harshen Yukiren da na Belarus. Reshen yamma yana da harshen Foland da na Cek da na Sulobakiya, sai ƙanana irin su na Sorbawa da ke kewayen Bautzen da Cottbus a gabashin Jamus, da na Kashubawa kusa da Gdansk. A kudu kuwa akwai harshen Sulobeniya, da harshen da mutanen Sabiya da Kuroshiya da Bosniya da Montenegro suke jin juna da shi kowa yana kiransa da sunan ƙasarsa, sai na Bulgeriya da na Masedoniya. Fagen da Jamusawa ke kira Slavistik, Rashawa kuma slavistika, tun ran gini a kan kwatance aka aza shi. Josef Dobrovský, wanda ake ɗauka uban fagen, ɗan ƙasar Cek ne amma a 1822 nahawun tsohon harshen coci na Silabawa ya wallafa, kuma Franz Miklosich da ya fara riƙe kujerar fagen a Jami'ar Biyana (Vienna) a 1849 da kwatanta nahawun dangin gaba ɗaya ya yi suna.

Ka ɗauki kalmar "kai", wato gaɓar jiki. Barashe yana cewa golova, ɗan Foland głowa, ɗan Cek hlava, ɗan Sabiya glava. Madara kuma moloko, mleko, mléko, sai mljako a Bulgeriya. Wanda ya iya Rashanci kaɗai yana ganin kalma. Wanda ya ga jerin nan yana ganin doka: wata tsohuwar gaɓa mai wasali da l ko r a tsakanin baƙaƙe biyu, wadda kowane reshe ya warware ta yadda ya ga dama. Daga nan ne za ka gane dalilin da ya sa Rashanci yake da tagwayen kalmomi, gorod da grad, golova da glava, storona da strana: ɗaya ta gida ce, ɗaya ta shigo ta ƙofar coci daga kudu. Masu fagen irin wannan idon suke nema. Digirin da ka yi na koyar da Rashanci ga baƙi, wanda a can ake kira RKI, horon malamin harshe ne. Zai yi maka rana wajen neman aikin koyarwa, kamar yadda za ka gani a gaba, amma kwamitin ɗaukar ɗaliban digiri na uku ba zai ɗauke shi a matsayin horon bincike ba.

Abin da za ka ƙara

Da farko harshe na biyu daga wani reshe dabam, ka kai shi matakin B2 a ma'aunin Turai, sannan na uku wanda za ka iya karantawa da ƙamus a gefe. Ga wanda Rashancinsa ya zauna, shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta aiki tuƙuru takan isa ga na biyun. Matsalar da aka fi samu ita ce Rashanci yakan riƙa kutsowa cikin baki, mutum yana ɗora wa kalmomin Rasha ƙarshen Cek yana zaton Cek yake yi. Maganinta zama cikin masu harshen da kuma malamin da ba ya kawar da kai ga kuskure. Kusan kowace ƙasa tana da makarantar bazara ta 'yan makonni: akwai a Firag da Brno, akwai a Ljubljana, akwai Polonicum a Warso, akwai a Ohrid don harshen Masedoniya, da Veliko Tarnovo don na Bulgeriya, kuma sukan ba baƙi gurabe kyauta. In don ilimi ne, ni na fi son Cek ko harshen Sabiya da Kuroshiya, domin su suka fi nuna maka inda Rashanci ya yi dabam. In don kasuwar aiki ne, harshen Foland ya fi su ɗalibai a Jamus da Birtaniya da Amurka. Harshen Yukiren ya samu masu nema sosai tun 2022 da Rasha ta kai wa ƙasar hari, kuma ya cancanci a koya, sai dai reshensu ɗaya da Rashanci, don haka ba ya ɗauke maka buƙatar wani daga yamma ko kudu.

Na biyu tsohon harshen coci na Silabawa. Shi ne mafi daɗewar harshen dangin da aka rubuta. A 863 ne 'yan'uwan nan biyu, Kiril da Metodi, suka tafi Morabiya da haruffan Gilagolitik, daga baya almajiransu a Bulgeriya suka samar da haruffan Sirilik, kuma rubuce-rubucen da suka iso hannunmu na ƙarni na 10 da na 11 ne. Ba kakan Rashanci ba ne, ƙanin kaka ne daga kudu, amma ya riƙe abubuwan da suka ɓace a wasu wurare. Mafi amfani a ciki su ne gajerun wasula biyu da ake kira yer. A 1889 Antonín Havlík ya nuna cewa in ka ƙirgo su daga ƙarshen kalma, ɗaya yana faɗuwa ɗaya yana zama cikakken wasali, bi da bi. Da wannan doka kaɗai za ka fahimci dalilin sauyin da ke tsakanin siffofin kalma ɗaya, kamar son da sna, den' da dnja a Rashanci, da pes da psa a Cek, abubuwan da a ajin RKI haddace su kawai aka sa ka yi. Zangon karatu ɗaya na nahawu da ɗaya na karatun matani shi ne mafi ƙaranci. Da yake yawancin matanin fassara ne daga Girkanci, wanda zai zurfafa a tarihin harshe dole ya taɓa Girkancin ma.

Na uku Jamusanci na karatu, domin manyan ƙamus na asalin kalmomi da tsofaffin littattafan nahawu da yawa da shi aka rubuta su, sai Ingilishi na rubutun ilimi, wanda da shi za ka wallafa mafi yawan aikinka. Na huɗu, kuma wanda masu fitowa daga sashen harshe ɗaya suka fi rasawa, shi ne kimiyyar harshe ta gama-gari: tsarin sauti, ginin kalma, ginin jimla, ilimin ma'ana, da ƙididdiga. Ka koyi manhajar R har ka iya gwajin ƙididdiga da kanka, Praat in sauti za ka yi, ELAN in za ka naɗi murya. Ka saba da rubuta Sirilik da boko ta hanyar da masana suka amince da ita, mai š da č da ž, da kuma ƙa'idojin Leipzig na fassara misali ɗafi bayan ɗafi. Ƙananan abubuwa ne, amma mai tantance maƙala da su yake fara gane ɗan gida.

Kunnen Bahaushe

Akwai wata dukiya da ba ka lissafa ba. Ganɗantawar da muke yi ba tare da mun lura ba, mota ta zama motoci, gida gidaje, ƙasa ƙasashe, irinta ce ta mayar da k zuwa č, g zuwa ž, x zuwa š a gaban wasulan gaba a tsohon harshen Silabawa, shi ya sa ake cewa peku "ina gasawa" amma pečëš' "kana gasawa", mogu amma možeš'. Tsawon wasalin da ya raba garin da ake zama da garin tuwo shi ya raba byt "gidan zama" da být "kasancewa" a Cek. Harshen Sabiya da Kuroshiya yana da lafazi huɗu, dogo ko gajere, mai hawa ko mai sauka, kuma ɗaliban Turai sukan shekara ba su ji bambancin hawa da sauka ba, alhali kai da karin sauti aka yaye ka. Bulgeriyawa suna liƙa wa suna madanganci a ƙeya, kniga ta zama knigata, kamar littafi da littafin, kuma suna da sigar aikatau ta musamman don labarin da ba a gani da ido ba, aikin da "wai" take yi mana. In ka zauna gaban malamin nahawun Larabci, sauyin ƙarshen suna ba baƙo ba ne a wurinka, li'irabi ne, sai dai maimakon uku Rashanci yana da shida, Cek da Foland bakwai. Musanna, wato sigar abu biyu, kuma tana nan da rai a harshen Sulobeniya da na Sorbawa.

Wuri ɗaya ne kunnen nan zai iya yaudararka, kuma shi ne zuciyar nahawun dangin: rabon aikatau zuwa kammalalle da mara kammala, pisat' da napisat'. Yana da sauƙi mutum ya ce ai "ya rubuta" da "yana rubutawa" ne. Ba su dace ba. Barashe zai tambaye ka ty čital etu knigu? da aikatau mara kammala, yana nufin "ka taɓa karanta littafin nan?", ko da ka karance shi tas. Ja otkryl okno na nufin na buɗe taga kuma tana buɗe, ja otkryval okno kuwa na buɗe ta ɗazu amma an sake rufewa. Sannan harsunan ba su haɗu a kan ƙa'ida ɗaya ba: a aikin da aka saba yi kullum, ɗan Cek yana iya amfani da kammalalle inda Barashe zai koma mara kammala. Stephen Dickey ya gina rabon gabas da yamma a kan irin wannan a shekarar 2000, kuma har yau ana rubuta kundaye a kai.

A nan zan ja kunnenka. Kusan duk ɗalibin Afirka da ya shigo fagen, batun farko da yake faɗo masa shi ne "kwatanta harshena da Rashanci". Irin wannan kundin yakan ƙare da jadawali biyu, ga yadda Hausa take yi ga yadda Rashanci yake yi, ba tare da wata tambaya da aka amsa ba. Masana Silabawa za su ce na masana Afirka ne, masana Afirka su ce na waɗancan ne. Ka bar Hausa ta zama idon da kake kallo da shi, ko maƙala ɗaya mai kaifi a kan abu guda, amma kundin ya amsa tambayar da masu fagen suke muhawara a kai. Hausar tana iya buɗe maka wata ƙofar dabam: Jami'ar Warso ta daɗe tana koyar da ita, inda Stanisław Piłaszewicz da Nina Pawlak suka yi suna, kuma a Leningrad Dmitri Olderogge ne ya jagoranci ƙamus na Hausa zuwa Rashanci da ya fito a 1963. A irin waɗannan wurare Bahaushe mai horon kimiyyar harshe abin nema ne.

Inda za a yi digirin

Ƙa'idata ɗaya ce: kada ka biya kuɗin digiri na uku daga aljihunka a wannan fage. Albashin da ke jiranka ba zai mayar da shi ba, kuma rashin samun mai ɗaukar nauyi alama ce ta cewa daftarin bincikenka bai nuna ba tukuna.

A Jamus, wadda take da sassan Slavistik masu yawa, ɗalibin digiri na uku yawanci ma'aikaci ne. Ana ɗaukarsa a matakin albashi na E13, kashi 50 ko 65 cikin ɗari, galibi na shekara uku, ko dai a ƙarƙashin kujerar wani farfesa ko cikin wani aikin bincike da DFG, hukumar tallafa wa bincike ta ƙasar, ke ɗaukar nauyi. Akwai kuma tallafin DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus. Babu kwasa-kwasai da yawa, saboda haka duk giɓin da ka zo da shi kai za ka cike shi, kuma ba a ba ka laƙabin dakta sai ka wallafa kundin. A Norwe ma aiki ne mai albashi, shekara uku, ko huɗu in an haɗa da kashi 25 na koyarwa. A Tromsø akwai ƙungiyar Laura Janda da Tore Nesset, waɗanda suka shahara da nazarin nahawun Rashanci ta hanyar ƙididdiga. A Foland tun 2019 makarantun digiri na uku shekara huɗu ne, ba kuɗin makaranta, kuma ana biyan alawus na kashi 37 na albashin farfesa kafin tantancewar tsakiya, kashi 57 bayanta. Amurka ta fi ko'ina tsawo, shekara biyar zuwa bakwai, amma biyu ko uku na farko kwasa-kwasai ne da jarrabawar cancanta, kuma za a sa ka koyar da Rashancin 'yan aji ɗaya. Ga mutum irinka da yake buƙatar horon kimiyyar harshe daga tushe, wannan tsari yana da amfani ƙwarai. Jami'o'in Ohio State da Indiana da Kansas na cikin waɗanda aka sani da wannan ɓangare, sai dai kafin ka nema ka tabbatar akwai masanin harshe da yake karɓar ɗalibai a shekarar, domin a sassa da yawa mutum ɗaya ne ko biyu, in ya yi ritaya ba a maye gurbinsa.

A Rasha kuwa aspirantura shekara uku ce, tana kai ka ga digirin kandidat, wato digiri na uku a can, kuma ana buƙatar maƙala uku aƙalla a mujallun da hukumar VAK ta amince da su. Ilimi yana nan mai zurfi, musamman a tarihin harshe da kare-karen harshe. A can ne Andrei Zaliznyak ya sake fasalin tarihin reshen gabas da wasiƙun ɓawon itace na Novgorod, waɗanda aka fara tonowa a 1951 kuma yanzu sun haura dubu. Amma tun Fabrairun 2022 cibiyoyin Jamus da na ƙasashen yamma da yawa sun dakatar da hulɗa da jami'o'in Rasha, shirye-shiryen tura ɗalibai sun koma Almaty da Bishkek da Yerevan da Tbilisi da Daugavpils. In niyyarka aiki a Turai ta yamma ko Amurka, wasiƙun shaida da sanayyar da za ka buƙata ba za su zo da sauƙi daga can ba. In kuma gida za ka dawo, wannan bai dame ka sosai ba. Ko a yamma ka yi karatun, kada ka gina kundi a kan ɗakin ajiyar takardu ko ƙauyen da ke cikin Rasha ko Belarus kaɗai: fasfonka yana iya shigar da kai, amma mai ba ka tallafi yana iya hana a kashe kuɗinsa a can.

Kundin kansa

Batu mai kyau shi ne wanda kayan aikinsa suke hannunka tun ranar farko. Rumbun matani na ƙasar Rasha, wato tarin rubuce-rubucen da ake bincikawa da kwamfuta, yana buɗe a intanet tun 2004. Na Cek, wanda aka kafa cibiyarsa a 1994, yana da InterCorp mai jera matani da fassararsu a harsuna da yawa. Foland tana da NKJP, harshen Yukiren yana da GRAC, tsofaffin matani kuma akwai TOROT. A ce tambayarka ita ce yaushe Cek da Foland da Rashanci suke zaɓar kammalallen aikatau a aikin da ake maimaitawa. Za ka ciro jimla kamar 500 a kowane harshe, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu kana yi musu alama a kan abubuwa takwas ko goma: irin aikatau, ko akwai karɓau, tilo ne ko jam'i, wace kalmar maimaici aka sa, ko jimlar korewa ce. Sai ka ba wani mai jin harshen kashi ɗaya cikin goma ya yi nasa alamun ba tare da ya ga naka ba, ku auna yawan inda kuka dace, sannan ka shiga ƙididdiga.

Ga inda ake tuntuɓe. Alamun da kwamfuta ta sa wa kalmomi ba abin dogara ba ne: steklo yana iya zama gilashi, yana iya zama "ya kwarara", kuma akwai aikatau masu fuska biyu da manhaja ba ta iya rabewa. Matanin fassara yakan ɗauko ƙamshin harshen asali, don haka dole ka san daga wane harshe aka fassara kowace jimla. In rabin misalanka daga marubuci ɗaya suka fito, salonsa ka auna ba harshen ba. Kuma mutane da yawa sukan yi alamu na wata uku sannan su gane ma'aunin da suka ɗauka bai yi ba. Ka fara da jimla 50, ka nuna wa mai duba aikinka, ka gyara ma'auni, sannan ka shiga sauran. Wanda ya zaɓi fita cikin jama'a kuwa, wurin Sorbawa ko Rusinawan Sulobakiya, ko masu cakuɗa harshe irin suržyk na Yukiren da trasjanka na Belarus, ya sani cewa naɗin awa ɗaya yana cin awanni masu yawa wajen rubutawa, kuma ba a naɗar kowa sai da takardar amincewarsa.

Sunaye ma suna da nauyi a fagen nan. Ko za ka ce harshen Sabiya da Kuroshiya ɗaya ne ko huɗu, ko tsohon harshen Kiyef za ka kira shi tsohon Rashanci ko tsohon harshen Silabawan gabas, duk magana ce da take taɓa raunukan mutane. Ka zaɓi kalmarka da sani, ka faɗi dalili a shafin farko.

Kafin ka kare kundin, ka yi ƙoƙarin samun maƙala biyu a mujallu masu tantancewa, irin su Journal of Slavic Linguistics, Russian Linguistics, Zeitschrift für Slawistik ko Scando-Slavica. Daga turawa zuwa fitowa yakan kai shekara, don haka ta farko ta bar hannunka a shekara ta biyu. Taruka kuwa akwai FASL da FDSL ga masu nahawun ƙa'ida, SLS ga kowa, AATSEEL ga masu koyarwa a Amurka. Biyu a shekara sun isa, kuma mai fasfo irin namu ya fara neman biza ranar da aka karɓi taƙaitaccen bayaninsa.

Koyarwa

Gaskiyar da ba a cika faɗa wa masu shigowa ba ita ce yawancin awannin aikinka a aji za su ƙare ne wajen koyar da harshe, ba tarihin wasulan yer ba. A nan RKI ɗinka zai biya ka. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka tana ƙiyasta mako 44, wajen awa 1,100 na aji, kafin mai jin Ingilishi ya iya aiki da Rashanci ko Foland ko Cek, alhali ɗalibin jami'a ba ya samun ko kusa da haka a shekara biyu. Saboda haka kowane minti yana da daraja. Haruffa 33 a gama su cikin mako ɗaya ko biyu tare da rubutun hannu. Li'irabi a shigo da shi ɗaya bayan ɗaya ta hanyar buƙata, na wuri don a ce ina ake zaune, na karɓau don a ce me ake karantawa, a bar jam'in mallaka da ƙa'idar lambobi, odin stol, dva stola, pjat' stolov, sai ƙafa ta tsaya. Wurin da ake danna kalma a koya shi tare da kalmar tun ranar farko, tunda múka azaba ce muká kuma garin tuwo. Aikatau na tafiya, idti da xodit', exat' da ezdit', ba sa zama a darasi ɗaya, sai an riƙa dawowa kansu.

Kuskuren sabon malami mai son nahawu shi ne yawan bayani. Ɗalibi ya tambayi dalilin den' da dnja, sai a kwashe minti ashirin ana ba shi tarihi, aji ya tashi ba wanda ya buɗe baki. Jimla biyu sun isa, sauran a ofis. A Jamus da Amurka kuma za ka tarar da 'ya'yan baƙin haure da suka tashi da harshen a gida, suna magana kamar ruwa amma ba su iya rubutu ba, zaune kusa da wanda bai san ko harafi ɗaya ba. Aikinsu dabam ne, a ba su rubutu da karatu da harshen hukuma. Sannan koyarwa tana cinye lokacin kundi saboda ita ce mai wa'adin gobe. Ka ware safiya uku a mako waɗanda ba ka taɓa takardun ɗalibai. Ka kuma riƙa adana manhajar kowane kwas, da ra'ayin ɗalibai, da rahoton wani babba da ya zauna a ajinka, domin ranar neman aiki za a tambaye su, kuma galibi za a sa ka koyar da darasi a gaban kwamiti.

Bayan digirin

Fagen ƙarami ne kuma ya tsuke. A ƙididdigar MLA, ƙungiyar malaman harsunan zamani ta Amurka, masu ɗaukar Rashanci a manyan makarantun Amurka sun haura 44,000 a 1990, a 2016 kuwa kusan 20,000 ne. Yawancin kujerun da ake tallatawa a can na adabi da al'adu ne, masanin harshe kuma galibi ana ɗaukarsa ne ya shugabanci shirin koyar da harshe, bayan ya yi shekara ɗaya zuwa uku a aikin kwantiragi. A Jamus dokar 2007 ta ƙayyade kwantiragin wucin gadi na neman ƙwarewa: shekara shida kafin digiri, shida bayansa. A cikin shidan nan na biyu ne ake rubuta Habilitation, wato kundi na biyu, wanda a al'adar fagen ake so ya kasance a kan wani harshe da wani batu dabam, ko kuma a samu ƙaramar kujerar farfesa ta W1 da aka ƙirƙiro a 2002. Ka ga inda harshe na biyun nan ya dawo. Tallafin gidauniyar Humboldt ta Jamus na wata 6 zuwa 24 ne ga wanda bai wuce shekara huɗu da gama digiri ba. Na Marie Skłodowska-Curie, na Tarayyar Turai, ana rufe nemansa a Satumba, kuma sharaɗinsa kada ka zauna a ƙasar da kake nema fiye da wata 12 cikin shekaru uku na baya. Sharuɗɗan nan sukan sauya, ka karanta sanarwar shekarar da kanka.

Ba mai iya yi maka alkawarin kujera ta dindindin, kuma masu hazaƙa da yawa sukan sauya gari sau biyu ko uku kafin su zauna, abin da yake da nauyi ga mai iyali. Shi ya sa nake so kundinka ya zama wanda sashen kimiyyar harshe na gama-gari ma zai iya karantawa, kuma ƙididdiga da aikin rumbun matani su zauna a hannunka, domin suna da kasuwa a fasahar harshe da fassara. A gida Jami'ar Legas da ta Ibadan suna ba da digirin Rashanci, sassan kimiyyar harshe kuma suna ko'ina.

Matakin da ke gabanka yanzu shi ne wasiƙa ga wanda kake so ya duba aikinka. Ka zaɓi mutum uku ko huɗu, ka karanta maƙala biyu na kowannensu na shekarun nan, sannan ka rubuta wa kowa tasa, kada ta wuce rabin shafi: ko kai waye, harsunan da ka iya da matakinsu na gaskiya, tambayar da kake son bi, da inda ta haɗu da aikinsa. Ka liƙa daftari na shafi uku zuwa biyar mai ɗauke da ɗan gwajin da ka riga ka yi, ko da jimla 50 ne daga rumbu, da babi mafi kyau daga kundin digirinka na biyu. In mako biyu suka wuce shiru, ka sake tuntuɓa sau ɗaya, sannan ka wuce ga na gaba.